Fatawar Ƙumba

Ba zan taɓa mantawa da ranin da ya biyo bayan soke zaɓen shugaban ƙasan nan ba, shekarar da mutanen Kudu suka yi ta ɗaure katifu a saman motoci suna barin Potiskum, ana ta raɗe-raɗin za a raba ƙasa. Ƙasa dai ba ta rabu ba, ga mu nan a cikinta. Abin da ya rabu a wannan ranin ni na raba shi, da bakina, da kalma ɗaya, a wani ƙauyen bakin teku wanda har yau harshena bai iya faɗin sunansa daidai ba.

Bari in fara da Isa. Mutumin can ƙasan Fatakwal ne, makaniken manyan motoci, ya yi shekara goma sha ɗaya a garinmu yana kwanciya a ƙarƙashin tirelolin da ke kai shanu Kudu. Ni kuwa sana'ata rubutu. Ina da tabarma da kwalbar tawada a gefen kasuwar shanu, ina rubuta wa fatake da dillalai wasiƙun ajami, da yamma kuma in karantar da magidanta a zaurena a unguwar Bolewa. Katanga ɗaya ta raba gidana da ɗakin da Isa yake haya. A hannuna ya musulunta, ni na zaɓa masa suna, na koya masa alwala, na koya masa ajami har ya fi wasu 'yan gari kyan hannu. Hausarsa a karkace take, amma a Potiskum wa zai yi wa wani dariya? Karekare da irin bakinsu, Ngizimawa da nasu, Barebari da nasu, duk a kasuwa ɗaya muke ciniki.

Isa ya yarda da ni yarda mai ban tsoro. In ana azumi na ce masa rana ta faɗi, sai ya kai ruwa baki bai leƙa waje ba. (Na so hakan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Babu abin da ke kumbura ƙaramin malami kamar ɗalibin da ba ya tambayar hujja.)

Da hankula suka tashi shi ma ya tafi. Bayan wata biyar wani direba ya kawo mini wasiƙarsa. Ya ce ya koma gonar mahaifiyarsa suna aiki tare, domin gwiwa ta fara kayar da ita. Ya ce har yanzu ranta bai kwanta da sauya addininsa ba, tana ganin an ƙwace mata ɗa. Shi kuwa ya gaya mata malaminsa zai zo, za ta ga irin mutanen da ya zauna da su, za ta gane addinin bai hana shi zama ɗanta ba. Ya roƙe ni in zo ko na kwana uku ne.

Ni dai kalmar gona na riƙe. Na je wurin wani maƙeri a garin Danchuwa na sa ya ƙera mini sabuwar fartanya, na zaɓi irin gero mai saurin nuna na ɗaure a tsumma. A raina na ce ai babu tsarabar da ta fi wannan ga tsohuwar manomiya. Kwana biyu na yi a kan katakon da ake shimfiɗawa saman shanu a cikin tirela, daga nan ƙaramar mota, daga nan kwalekwale mai inji, inda na rungume fartanyata na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Amma garin nan, tsakani da Allah, ban taɓa ganin wuri mai kyansa ba. Itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwa, jirage masu fenti shuɗi da ja suna jere a gaɓa, daga can nesa kuma teku ce shimfiɗe har inda ido ya gaji. Hanyoyin garin farare ne tas, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Da na duba sai na ga ba tsakuwa ba ce, ɓawo ne, irin na ƙumbar da muke tsinta a rafi, sai dai ya fi kauri da kaushi. Ko'ina shi ne. An tsiba shi tuli-tuli a bayan gidaje, wani tulin ya fi ni tsawo. Ba mu da sunan abin a Hausarmu, Isa ma ƙumba yake ce masa, ni ma haka zan ci gaba da kiransa.

Isa ya tarye ni da murna har da ƙwalla. Ya kai ni wata rumfa a gindin babban tulin ɓawo, inda mata wajen goma ke zaune da gajerun wuƙaƙe suna ɓare ƙumba. A tsakiyarsu mahaifiyarsa take, 'yar ƙaramar tsohuwa, hannuwanta duk tabon yanka. Na durƙusa na gaishe ta, Isa yana fassara. Sannan na kwance tsarabata da alfahari na ajiye a gabanta.

Ta ɗauki fartanyar ta juya ta, ta kalli geron, ta kalli ɗanta. Isa ya yi mata bayani a hankali, yana sosa ƙeya. Kafin ya gama matan nan sun kife da dariya, wata har da riƙe ciki. Tsohuwar kaɗai ba ta yi ba. Ta yi godiya, ta jingine fartanyar a jikin rumfa kamar abu mai daraja.

Isa ya ce in zo in ga gonar da idona. Muka shiga ƙaramin jirgi ya tuƙa mu cikin wani lungun ruwa. A lokacin ruwan ya janye (sau biyu yake janyewa ya dawo kowace rana, ikon Allah, ba wanda ya taɓa gaya mini), sai ga itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare wando. A jikin saiwoyin, da jikin wasu turaku da aka kakkafa a jere, ƙumba ce manne cunkus kamar ƙonannun duwatsu. Kowane gida da yankinsa, an san iyaka, ana gadonsa, ana barin ƙanana su girma. Wannan ce gonar. Babu inda za a sa fartanya, balle gero.

Don in nuna ban ji komai ba, sai na ce bari in sauka in duba da kyau. Isa ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa na riga na taka. Ƙasar da na ɗauka tudu ce ta haɗiye ni har cinya. Da ƙyar ya zaro ni, takalmina ɗaya yana can har gobe. Haka na ratsa gaban rumfar nan da babbar riga baƙa ƙirin da taɓo, ƙafa ɗaya ba takalmi, matan suka sami dariya ta biyu.

Na yi wanka na yi la'asar, amma zuciyata ba ta wanku ba. Ni da ake durƙusa mini a Bolewa, ni da dillalai ke rage murya in na zo wucewa, yau na zama abin nishaɗin masu ɓare ɓawo. A wannan hali aka kira ni cin abinci.

A rumfar aka shimfiɗa mana tabarma, ni da Isa, matan suna gefe suna aikinsu suna satar kallo. Tsohuwar da kanta ta kawo, tana ɗingishi. Isa ya raɗa mini cewa tun da ya ce zan zo ta hana a taɓa turaku uku mafiya kyau, wata biyu tana kiwon su domina. Kwano biyu ta ajiye wa kowannenmu. Ɗaya romo ne mai barkono, ɗaya kuma gasassu ne a cikin ɓawonsu, sun buɗe baki.

Na leƙa. Abin ciki fari-fari ne, toka-toka, yana sheƙi yana rawa, kamar abin da mai mura ke fyacewa. Ƙarnin ruwan gishiri ya bugi hancina. Isa ya yi bisimilla ya riga ya kai ɗaya baki.

Yanzu da nake zaune ina rubuta wannan, ina iya lissafa hanyoyin fita sun fi biyar. Da na ce tafiya ta ɓata mini ciki. Da na ce ban saba ba, a yi mini haƙuri. Da na rufe ido na haɗiye ɗaya, ai ba a kaina aka fara ba. Amma na ɗaga kai na ga idanun matan nan a kaina, bakunansu sun riga sun shirya dariya ta uku. Sai na ji ba zan iya ba su ita ba. Na janye hannuna, na gyara zaman hula, na yi gyaran murya irin ta zaure.

"Isa, wannan haram ne."

Ya tsaya da tauna. Ya dube ni ya tambaya da ƙaramar murya, "Malam, haram, ko dai makaruhi?"

Ni na koya masa bambancin. Ƙofa ya buɗe mini, faffaɗa, wadda raƙumi zai wuce da kaya. Amma mai fatawa ba ya ja da baya a gaban mata, haka Shaiɗan ya raɗa mini. Na ce haram. Na shiga jero dalilai ina ƙirƙirarsu a tsaye: ba a yanka shi, ba shi da jini, ba shi da ƙaya irin ta kifi, ɗan'uwan dodon koɗi ne da tsutsa. Har da ɗan Larabci na yayyafa a kai. Ya tambaye ni noma shi fa, da sayar da shi. Na ce abin da aka hana ci an hana cin kuɗinsa.

Ya juya gefe ya tofar da abin da ke bakinsa, ya ɗauki buta ya kurkure.

Tsohuwar ta tambaye shi abin da ke faruwa. Ya gaya mata. Ban ji yarensu ba, amma na ga wuƙaƙen matan sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta yi dariya, na sami abin da nake so. Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauke kwanukana, sannan ta ɗauke na ɗanta. Ta faɗi wata magana gajeriya ta wuce. Na matsa wa Isa ya fassara mini, ya ƙi, na sake matsawa.

"Ta ce da wannan ta raine ni tun ina goye. Wai in tambaye ka, ni ma haram ne?"

Na ce masa ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. (Allah ya yafe mini, har da girgiza kai irin na masu tausayi.) Kwana uku na yi a garin ina cin burodi da ruwan shayi, Isa yana ci tare da ni, domin babu tukunyar gidansu da ƙumba ba ta shiga. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga jihadi.

A Potiskum labarin ya yi kasuwa. Na ba da shi a bakin tabarmata, na ba da shi a zaure, kullum yana ƙara ƙiba. Matan suka tashi daga goma suka zama hamsin, har aka fara samun maza da adduna a ciki. Ban taɓa ambaton fartanya ko takalmi ba.

Ranar sunan ɗan Alhaji Buba, wani Bafillacen dillalin shanu da ke maƙwabtaka da mu, zaurensa ya cika da safe har waje. A can ƙurya Goni Modu yake zaune, malamin da na yi karatun fiƙihu a gabansa tun ina saurayi, ya tsufa idonsa ya kusa tafiya. Bayan an shafa fatiha ana rabon goro, Alhaji Buba ya ce in ba Goni labarin yadda ɗalibinsa ya tsaya wa addini a bakin teku. Ban jira an roƙe ni sau biyu ba. Na bayar da shi cikakke, da adduna da komai.

Goni ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya tambaye ni a ina abin yake rayuwa. Na ce a ruwa. Ya ce yana fitowa tudu ya yi kiwo? Na ce ko motsi ba ya yi, a manne yake. Ya gyaɗa kai, ya ce in tashi in ɗauko masa gafakata, wadda na yi karatu da ita a wurinsa. Na tafi da saurina, ina zaton hujja zai fitar ya ƙara mini da ita a gaban jama'a.

Wanda bai yi karatun zaure ba bari in gaya masa yadda muke yi. In malami ya fassara layin Larabci, ɗalibi yakan rubuta ma'anar da ajami, da ƙananan baƙaƙe, a ƙarƙashin layin ko a gefen takarda, don kada ya manta. Takarduna cike suke da irin wannan.

Goni ya ce in buɗe babin abinci. Na buɗe. Ya faɗi farkon wani layi da ka, ya ce in nemo shi in karanta. Na karanta Larabcin, tun kafin in kai ƙarshe na ji gumi ya tsatso mini a ƙarƙashin hula. Ya ce in karanta abin da ke ƙasansa, da ƙarfi, kunnensa ya yi nauyi.

Na karanta: dabbar ruwa duka halal ce, ko ba a yanka ba, ko da me ta yi kama.

"Rubutun wa ke nan?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam."

"To. Ashe hannunka ya yi karatu, kai ne ba ka yi ba." Ya ɓare goronsa a hankali. "Ƙyama ka ji, ɗana. Ƙyama ba laifi ba ce, ni ma ba na cin kan kifi. Amma kai sai ka naɗa mata rawani ka kira ta shari'a."

Alhaji Buba ne ya fara kasa riƙe dariya. Ya ce a yi wa Muftin Teku hanya ya wuce, kada a taka masa riga. Daga nan aka ɓarke. Dillalan da ke rage murya in na wuce, su ne har da buga cinya. Na tsaya a tsakiyar zauren da takardu a hannu, na rasa inda zan sa idona. Dariyar da na guje wa a bakin teku ta biyo ni har gida, ta same ni a cikin mutanen da na fi jin kunya.

Goni bai yi dariya ba. Da hayaniyar ta lafa ya ce dariyar nan ba ita ce hukuncina ba, wannan kyauta ce. Ya ce a inda na ɗaura, can zan je in kwance, a gaban waɗanda suka ji.

Na ce to. Ban je ba.

Na ce sai damina ta wuce. Ta wuce, na ce sai bayan azumi. Aka shiga wahalar mai, na gode wa Allah a ɓoye, na ce ai babu mota. Gaskiyar ita ce sunan Muftin Teku ya riga ya bi ni kasuwa, ɗalibai biyu sun daina zuwa zaurena, kuma wuri ɗaya ya rage a duniya inda har yanzu ake ɗaukata cikakken malami. Ban so in je in rushe shi da hannuna ba.

Bayan shekara guda wasiƙar Isa ta biyu ta zo. Ya ce tun bayan tafiyata ya bar gonar, ya koma Fatakwal yana gyaran injin jiragen ruwa, don kada ya ci haram. Mahaifiyarsa ta ci gaba da shiga ruwa ita kaɗai har gwiwa ta zaunar da ita, dangi suka karɓi turakun. Ya ce wani limami a can ya gaya masa ƙumba halal ce, ya koma gida da murna ya faɗa mata, ya ce ta zuba masa. Ta ƙi. Ta ce ba limamin Fatakwal ya hana ba. Wanda ya zauna a tabarmarta ya ce abincinta ƙazanta ne, shi zai dawo ya janye a gaban matan da suka ji, in ba haka ba ba za ta ƙara sa wa ɗanta kwano ba, kada ta kai shi wuta. A ƙarshe ya rubuta, da kyakkyawan hannun nan da na koya masa: "Malam, ka duba mini littafi, wataƙila akwai saɓani."

Har a lokacin yana nema mini mafita.

Sau huɗu na rubuta amsa. Kowacce na fara ta da dogon bayani a kan saɓanin malamai, kowacce na yage ta, domin ko ni da na rubuta na ji warinta. Kuma ba takarda tsohuwar ta nema ba, baki ta nema. Na ninke wasiƙar Isa na ajiye, na ci gaba da limancin sallar magariba a unguwa kamar ba ni ba.

Abin da ya tashe ni rashin lafiyar Goni ce. Na je gaishe shi yana kwance, ya gane muryata, bai amsa gaisuwar ba sai ya ce, "Ka je?" Na ce ina shiri, Allah ya gafarta Malam. Ya juya fuskarsa bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bayan ya rasu an yi sadakar bakwai na hau tirela, shekara huɗu cif da zuwana na farko.

Garin yana nan yadda na bar shi, fari, kyakkyawa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa a cikinsa. Na yi sa'a Isa yana gida. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya karɓi jakata ya ba ni ruwa, ya tambayi mutanen Bolewa ɗaya bayan ɗaya. Da na tambayi mahaifiyarsa, sai ya nuna mini wani wuri a bayan gida da aka kewaye da ɓawo. Da daminar bara ta rasu. Ya ce shi ya yi jinyarta, tana karɓar ruwa da magani daga hannunsa, tana sa masa albarka, amma ba ta ƙara dafa masa ko ruwan zafi ba.

Na zauna a ƙasa. Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce ba kuskure na yi ba, ba kuma saɓani. Na ce ƙyama ce da tsoron dariya, kuma na san gaskiya tun kafin wasiƙarsa ta zo. Ya saurara yana kallon ruwa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Malam," ya ce, "da ka ce ba ka iya ci, da shi ke nan. Ta sayi kifi ta ajiye ranar, wai ko da baƙo bai saba ba. Yana cikin ɗaki a rufe."



Ya tashi ya ce in biyo shi. Rumfar tana nan, matan suna nan, wasu sun tsufa, wasu sababbi ne. A inda tsohuwar ke zama yayar Isa ce, mai kama da ita har tabon hannu. Suka gane ni nan take. Na tsaya a gabansu na cire hula, abin da ban taɓa yi a gaban mata ba, na ce abincinsu halal ne, sana'arsu halal ce, maganar da na faɗa a nan ba ta Allah ba ce, tawa ce. Isa ya juyo ya tambaye ni yadda zai fassara, ya ce na yi kuskure ko ya ce na yi ƙarya. Na ce ya faɗi ta biyun.

Ya faɗa. Yayar ta dube ni, ta tashi ta tafi. Na ɗauka shi ke nan an kore ni. Sai ga ta da kwano ɗaya, gasassu, suna tururi, ta dire a gabana ba tare da ta dube ni ba, ta koma ta ɗauki wuƙarta.

Na zauna na yi bisimilla. Na ɗauki ɗaya, na rufe ido na kai baki, ina jiran amai.

Abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin nan shi ne wannan: yana da daɗi. Taushi gare shi kamar ɓargo, ga gishiri daidai, ga ƙamshin hayaƙi. Na ci na biyu ina hawaye, matan suna zaton barkono ne. Isa ya wanke hannu ya zauna ya sa nasa a kwanon, muka cinye tare. Da muka gama ya tattara ɓawon ya watsa a kan tulin.

"Nawa ya wuce, Malam, na yafe," ya ce. "Nata kuma sai kun haɗu."

Haka muka rabu, kuma haka nake zaune da wannan maganar. Kullum in na idar da salla ina roƙon Allah ya sassauta mini wannan haɗuwar, domin na san tsohuwar ba ta da yawan magana, tambaya ɗaya za ta maimaita, ni kuwa ba ni da amsa.

Darasin da na samu ba babba ba ne, kuma da tsada na saye shi, da kuɗin wasu. Yanzu in aka ajiye mini abin da raina bai so, sai in ce cikina ne ba ya so, in tsaya a nan. Cikin nawa ne, ina da ikon yi masa ƙarya. Sunan Allah kuwa na daina ture kwano da shi.